Ido Garau, Gani Babu

Bahaushe bai yi wa ciwon ido rowar suna ba. Akwai amodari, wanda ke lanƙwasa gashin ido ya mai da shi ciki har ya riƙa kartar ƙwayar ido. Akwai yana, wadda ke rufe ganin tsofaffi sannu a hankali kamar saukar hazo. Akwai hakiya, farin tabon da ƙyanda ko tsinke kan bari. Akwai dundumi, mai sa yaro laluben bango da zarar magariba ta yi. Har apolo, baƙon da ya ɓulla a Gana a 1969, shekarar da Amurkawa suka taka wata, ya samu suna ya zauna da mu. In aka dubi waɗannan sunaye, za a tarar abu guda ya haɗa yawancinsu: ciwo ne da mai lafiya yake iya gani a idon marar lafiya. Ko ja, ko fari, ko kwantsa, ko hawaye. Mai irin wannan ciwo ba ya buƙatar rantsuwa, domin idonsa shi ne shaidarsa, kuma gani ya kori ji.

To, akwai wani ciwo da wannan karin magana take zalunta. Ido yana nan fari tas, baƙinsa baƙi wuluk, ba ja, ba ruwa, ba kumburi, amma mai shi ya ce duniya tana dushewa. A takardar asibiti akan rubuta sunansa da Faransanci, nebirit optik, wato kumburin jijiyar gani. A gida kuwa ba shi da suna, kuma abin da ba shi da suna sai a ara masa na wani: a ce iska, a ce kambun baka, a ce ƙarya.

Wata ɗaliba ta gamu da shi a Maraɗi. Tana ajin ƙarshe na lise, sashen kimiyya, shekarunta 19. Ɗiyar fari ce, don haka uwarta ba ta taɓa kama sunanta ba. Kullum "ke" ce, ko "yarinyar nan". A ƙarshen wani hunturu ƙarambau ya shiga gidansu, ya bi ƙannenta ɗaya bayan ɗaya, sannan ya zo kanta. Ƙarambau ga yaro wasa ne in aka gwada da babba: ta yi kwana goma a kwance, zazzaɓi da ƙaiƙayi, ana yi mata wanka da ruwan ganyen dogon yaro. Ta tashi, ƙurajen suka bushe, ta koma lekol tana kwafar darussan da suka wuce ta daga kayen ƙawayenta. Kowa ya ce an rabu da bukar.

Bayan kamar mako biyu sai ta fara jin wani ciwo a bayan idon hagu. Ba ya damunta in ta tsai da idon wuri guda. Sai in ta ɗaga shi daga kaye zuwa allo, ko ta waiwaya da shi gefe, sai ta ji kamar ana jan wata igiya can ciki. A kwana na uku aka mai do musu takardun gwaji. Ta sa hannu tana murza idon dama, sai ta ga jan bik ɗin da mushe ya yi gyara da shi ya koma ruwan ƙasa. Ta buɗe na dama, ja ya dawo. A kwana na biyar wani tabo ya zauna a tsakiyar ganinta, kamar an dangwala yatsa mai maiƙo a kan madubi: tana ganin gefen fuskar mutum, ba ta ganin hancinsa. Kafin mako ya cika, idon hagu bai iya ƙirga yatsu ba.

Ta gaya wa uwarta. Uwar ta jawo ta bakin ƙofa wurin haske, ta buɗa fatar idon da yatsu biyu, ta duba sama ta duba ƙasa.

"Ke, ni ban ga komai ba."

"Inna, ni ma ban ga komai ba. Shi ne ciwon."

Maganar ta ba uwar dariya, kuma ba don rashin tausayi ba. Ta raini ƴaƴa bakwai, ta san idon da ke ciwo, wannan kuwa bai yi kama da shi ba. Aka sayo maganin ɗigawa wurin mai tallar magani a tire, aka ɗiga kwana uku. Gwaggo ta zo daga unguwarsu ta ce zancen a fili yake: yarinya kullum ita ce ta ɗaya a aji, sunanta yana bakin kowa, ai baki ya fi kibiya. Aka karɓo rubutu, ta sha ta shafa, aka yi tofi, aka turara hayaƙi. A lekol kuma an kusa jarrabawar gwaji ta bak, kuma mai kula da ɗa'ar ɗalibai ya ga irin wannan ciwo sau ba adadi, mai zuwa mako guda kafin jarrabawa ya tafi mako guda bayanta. Ya dubi idon, ya ce ta koma aji.

Ba a kawo waɗannan mutane nan don a yi musu ba'a ba. Kowannensu ya yi aiki da abin da ya sani, kuma addu'a ba ta taɓa hana zuwa asibiti ba sai in an sa ta ta hana. Abin lura shi ne, su duka, daga mai rubutu har mai boko, hanya guda suka bi: sun dubi idon, ba su ga komai ba, suka yanke hukunci. Ba wanda ya tsaya a kan abubuwa uku da yarinyar take ta maimaitawa, cewa idon yana ciwo in ta juya shi, cewa ja ya kwanta, cewa abin ya zo bayan zazzaɓi. Alhali waɗannan ukun, ga wanda ya san cutar, sun kusa isa su kira sunanta.

A kwana na goma sha ɗaya mahaifinta ya dawo daga kasuwa, inda yake sai da aya da wake, ya ce ta zuba masa ruwa. Ta ɗauki buta ta tsiyaya ruwan a gefen kofi, a kan tabarma, ba ta kuwa sani ba sai da ta ji ƙararsa. Mai ido ɗaya sabon shiga ba ya iya auna nisa. Uban ya yi shiru yana kallon tabarmar. Abin da aka yi kwana goma ana faɗa masa bai shige shi ba, sai da ya ga ruwa a ƙasa. A daren nan idon dama ma ya fara irin wancan ciwo, washegari da asuba suna kan kabu-kabu.

Likitan idon da suka samu bai fara da wata babbar na'ura ba. Ya sa aka rufe taga, ya ɗauki ƴar tocila, yana haska idon dama, ya mai da hasken na hagu, ya dawo, ya koma. A tsakiyar baƙin ido akwai ƴar ƙofa da haske ke shiga, mai tsukewa in haske ya yi yawa, ta buɗe in an shiga duhu. Allah ya haɗa ƙofofin biyu da umarni guda: in aka haska ido ɗaya, dukansu suke tsukewa. Idan jijiyar ido ɗaya ta samu rauni, saƙon hasken ba ya isa ƙwaƙwalwa da ƙarfinsa, don haka in tocila ta bar lafiyayyen ido ta koma kan marar lafiya, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka an rage fitila, ƙofar ta buɗe maimakon ta tsuke. Haka ta yarinyar ta yi: haske yana dukanta, ita kuwa tana buɗewa. Wannan alama ba a iya ƙirƙirarta. Ba ɗalibar da ta isa ta umarci ƙofar idonta ta buɗe don gudun jarrabawa.

Sannan ya leƙa cikin idon da madubin leƙe, irin wanda Bajamushe Helmholtz ya fito da shi a 1851, bai ga wani abin kirki ba. Wannan ma bai ba shi mamaki ba. Jijiyar gani tsawonta kimanin santimita 5 ne, daga bayan ƙwayar ido zuwa cikin kai, tana ɗauke da zaruruwa fiye da miliyan ɗaya, amma kanta kawai ake iya hangowa ta cikin ido. In kumburin yana can baya, to, ya ɓuya. Likitocin ido suna da wata tsohuwar magana a kan wannan cuta, cewa marar lafiya ba ya ganin komai, likita ma ba ya ganin komai. Ashe amsar da yarinyar ta ba uwarta a bakin ƙofa, malaman asibiti sun daɗe da saninta.

Ga uban, likitan ya yi bayani da abin da kowa ya sani.

"Alhaji, ƙwan fitilar lafiya lau yake. Wayar da ke bayansa ce robarta ta ɗaye."

Misalin ya dace. Kowane zare na jijiya yana naɗe da wani farin rufi mai maiƙo da ake kira miyelin, wanda ke sa saƙo ya yi gudu, kamar yadda roba ke tsare kuran a cikin waya. In rufin ya ɗaye, saƙon ya riƙa tafiyar hawainiya, ko ya tsaya cik. In kumburin ya daɗe, zaren da kansa ya mutu, kuma a nan ne babbar asara take: jiki yana iya sake naɗa rufi, amma zaren jijiyar gani in ya mutu ba ya tsirowa.

Wa ya ɗaye robar? Nan ne bayanin ya yi wa iyayen wuyar haɗiya. Tun zamanin yaƙi da sida, rediyo ya koya wa kowa kalmar garkuwar jiki, amma ya koyar da ita a matsayin abin da ke karyewa cuta ta shigo. Yanzu ga likita yana cewa garkuwar ce da kanta ta yi ɓarnar. Uwar, da aka mayar mata da zancen a gida, ta ce:

"Garkuwa ai tarewa take yi. Yaushe ta koma takobi?"

Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne na kamanni. In ƙwayar birus ta shiga jiki, jiki yakan tashi dogaransa, ya kwatanta musu ɓarawo, su bi shi su kashe. Wani lokaci wani yanki na rigar ɓarawon yakan yi kama da rigar wani ɗan gida; ɓarawo ya mutu, dogarai ba su kwanta ba, sai su ci karo da rufin jijiya su far masa. Shi ya sa ciwon ba ya zuwa tare da zazzaɓin, sai bayan mako ɗaya zuwa uku, lokacin da kowa ya saki jiki. An san shi bayan ƙyanda, da ƙarambau, da hangum, da mura mai tsanani, kuma daga 2020 likitoci a ƙasashe da dama sun ba da labarin waɗanda ya kama bayan korona. Ya fi yawa ga yara da matasa, kuma a wurinsu yakan kama ido biyu. Kada mai karatu ya firgita: dubban yara suna yin ƙarambau su tashi ba abin da ya samu idonsu. Cutar ba ta da yawa. Rashin yawan nata ma yana cikin abin da ke sa ba a gane ta.

Maganin shi ne a kwantar da dogaran da ƙarfi, kuma da sauri. Amma kafin a kwantar da garkuwar mutum dole a tabbata ba wani maƙiyi na gaske a cikin gida, domin tarin fuka da tunjere da sida duk suna iya taɓa jijiyar gani, haka ma wasu magunguna, kamar etambutol da ake ba masu tarin fuka. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ƙirji, aka yi mata tambayoyin da suka sa uban ya fita waje. Da sakamako ya fito ba komai, aka kwantar da ita, aka sa mata metilprednizolon, wani ƙaƙƙarfan ɗan gidan kortizon, giram ɗaya kowace rana ta cikin ƙarin ruwa, kwana biyar. Ciwon bayan idon ya ɗauke tun a rana ta biyu. Idon dama, wanda bai yi nisa ba, ya washe kafin a sallame ta. Na hagu ya yi shiru.

Wannan magani yana da tarihi, kuma tarihin ya shafe mu ta wata fuska da ba a cika faɗa ba. Tsakanin 1988 da 1991 an yi wani babban gwaji a asibitoci 15 na Amurka a kan mutum 457 masu kumburin jijiyar gani, aka fitar da sakamakonsa a 1992. An raba su uku: wasu aka ba su maganin ta jijiyar jini kwana uku sannan ƙwayoyi, wasu ƙwayoyin kawai, wasu kuma abin da ba magani ba. Aka tarar maganin jijiyar jini yana gaggauta dawowar gani, amma bayan shekara guda kusan duk sun yi daidai, yawancinsu sun warke da magani ko babu. Aka kuma tarar, abin mamaki, waɗanda aka ba ƙwayoyin kawai sun fi saurin sake kamuwa. Daga nan darasin da ya shiga littattafan koyon likita shi ne, cutar mai sauƙin kai ce, ko an bar ta za ta tafi.

Sai dai kashi 85 cikin ɗari na mutanen wancan gwaji Turawa ne farar fata, kuma a wurin Bature kumburin jijiyar gani ya fi zama ɗan aiken wata cuta mai barin tabo a jijiyoyi, wadda ake taƙaita sunanta da SEP a Faransanci, cutar da ta yi ƙaranci ƙwarai a Afirka ta kudu da Sahara. A wurin baƙar fata akwai wata ƴar'uwarta da ta fi ta mugunta ga ido. Wani likitan birnin Liyon, Eugène Devic, shi da ɗalibinsa Fernand Gault, suka siffanta ta a 1894: tana kama jijiyar gani da lakar gadon baya, ta makantar, ta gurgunta. Fiye da shekara ɗari ana ɗaukarta reshen waccan ce, sai a 2004 Vanda Lennon da abokan aikinta a asibitin Mayo na Amurka suka gano wani sinadarin garkuwa a jinin masu ita wanda babu shi a jinin masu SEP, a 2005 kuma suka gano abin da yake kai wa hari, wata ƴar kafar ruwa a jikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa mai suna akwaporin 4. Cutar Devic ta fi kama mata nesa ba kusa ba, ta fi yawa ga jinin Afirka da na Asiya, tana dawowa, kuma kowace dawowa tana tafiya da wani abu. Daga baya aka ware ta uku, wadda garkuwa ke kai hari ga wani yanki na rufin jijiya da ake kira MOG. Ita ce aka fi gani ga yara bayan zazzaɓin birus, tana jin kortizon ƙwarai, amma takan dawo in aka yanke shi da garaje. Sai a 2023 masana suka daidaita ƙa'idojin gane ta. A cikin waɗannan biyun, binciken baya-bayan nan ya nuna kwanaki suna da daraja: wanda aka fara wa magani a ƴan kwanakin farko ya fi samun ganinsa a kan wanda ya wuce mako.

Ma'ana, haƙurin da littafi ya koyar an auna shi ne a jikin wasu. Likitan da ke zaune a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, in budurwa ta shigo masa da ido garau ba gani, ba shi da hurumin cewa a je a dawo. Yarinyar nan kuwa ta zo a kwana na goma sha biyu.

Don a san wace ce daga cikin ukun, ana buƙatar hoton IRM na kai da gadon baya, da gwajin jini na neman waɗancan sinadarai biyu. Hoton, an hau mota an yi kilomita fiye da 600 zuwa Yamai an ɗauka, bai nuna tabo a ƙwaƙwalwa ba, abin da ya kwantar da hankali ƙwarai. Gwajin jinin kuwa aka ce sai an aika da shi waje, aka faɗi kuɗinsa. Uban ya yi lissafin buhunan ayar da suka rage bayan kuɗin mota da na hoto da na magani, ya ce a dakata tukuna. Har yau ana dakatawa. Likitan ya yi abin da mai hankali zai yi a cikin duhu: ya ɗauka mafi munin ce, ya ja ƙwayoyin kortizon wata da watanni yana ragewa kaɗan-kaɗan. Fuskarta ta yi fam kamar wata ɗan daren sha huɗu, barci ya ƙaurace mata, ci ya ƙaru. Da ta koma aji ƴan'uwanta ɗalibai suka ce lalle hutun asibiti ya karɓe ta.

A mako na uku idon hagu ya fara motsi. Da farko inuwar hannu, sannan yatsu, sannan manyan baƙaƙen allon gwaji. Bayan wata uku ya tsaya a bakwai bisa goma. A takarda wannan nasara ce, kuma gida aka yi sadaka, aka ce ta warke. Amma allon gwaji baƙi ne a kan fari, a ɗaki mai haske, duniya kuwa ba haka take ba. Da idon hagu, ja ya zama kamar atamfar da ta sha wanki da rana. Fuskoki da magariba suna narkewa cikin bango. Alli a kan allon da bai gogu sosai ba sai ta ƙura masa ido. In mota ta taho, takan kasa gane saurinta, saboda saƙon ido ɗaya yana riga na ɗayan isa. Da likita ya sake leƙawa, a wannan karo ya ga abu: kan jijiyar, wanda ya kamata ya zama ruwan hoda, ya yi fari. Zaruruwan da suka mutu ke nan. Lokacin da ciwon yake ci ba a ga komai ba, sai da ya gama aka ga sawunsa.

Hausa tana da makaho, tana da mai ido. Makanta ma a ƙasar Hausa tana da tsari, da sarkinta, da unguwarta a manyan birane, kuma a Yamai akwai makarantar da ake koya wa yara makafi rubutun Braille. Wanda ke tsakiya, mai gani dishi-dishi da ido lafiyayye, ba shi da rumfa a wannan kasuwa. In ya nemi a matso da shi gaban aji, a ce ai ya warke. In ya yi tuntuɓe, a ce ba ya kula.

Sai bazara ta shigo, ta zo da nata. A watan Afrilu da Mayu zafin Maraɗi yana haura digiri 40, aji kuwa rufin kwano ne, cike maƙil. Da safe yarinyar tana karanta allo lafiya. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya sai hazo ya fara taruwa a idon hagu, kafin azahar ya rufe. Ranar farko ta fito tana kuka, ta ɗauka ciwon ne ya dawo. Ta isa gida, ta yi wanka, ta sha ruwan randa, ta kwanta a inuwa, kafin la'asar hazon ya waye. Washegari haka, jibi haka. Aka koma gidan jiya: wane irin ciwo ne wannan mai agogo, da ke zuwa lokacin darasin lissafi ya tafi lokacin cin tuwo?

Ciwon yana da agogo kuwa, kuma an san shi tun 1890, lokacin da wani likitan ido Bajamushe, Wilhelm Uhthoff, ya lura wasu marasa lafiyarsa ganinsu yana dushewa in sun motsa jiki. Jijiyar da rufinta ya taɓa ɗayewa, ko ta gyaru, gyaran faci ne. In zafin jiki ya ƙaru ko da rabin digiri, saƙo ya kasa ƙetare facin, in jiki ya huce ya ci gaba da wucewa. Ba sabon hari ba ne, ba ya kuma ƙara ɓarna. A Turai akan gargaɗi masu wannan larura game da wanka da ruwan zafi. A Sahel gargaɗin sai ya zama abin dariya, domin wata uku na shekara ƙasar gaba ɗaya ruwan zafi ce, kuma a ƙarshen waɗannan watanni ne ake shirin bak. Dabarar da ta samu ba ta fi ƙarfin kowa ba: ƙanƙara a leda tana ɗorawa a wuya, ɗankwali jiƙaƙƙe a ƙarƙashin hijabi, kujera kusa da taga, karatu da asuba maimakon rana. Wani mushen kimiyyar halittu, da ya karanta takardar likitan, shi ya tsaya mata aka ba ta kujerar. Ta ci bak ɗinta a zagaye na biyu.

Nijar ta yi abin a zo a gani a yaƙi da makanta. A watan Janairu na 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ita ce ƙasa ta farko a Afirka da ta kawar da makantar kogi, bayan aikin da aka faro tun shekarun 1970. Amodari, wanda ya addabi jihohin Damagaram da Maraɗi, an ci ƙarfinsa da rabon magani gari-gari da fiɗar fatar ido. Amma waɗannan cututtuka ne masu jama'a, ana iya ƙirga su, a yi musu ayari da mota da lasifika. Kumburin jijiyar gani ɗaiɗai yake zuwa, ba za a taɓa yi masa ayari ba. Abin da yake nema ya fi haka araha, ya kuma fi wuya: majoron ƙaramin asibitin unguwa ko na ƙauye, in an kawo masa mai cewa ba ya gani alhali idonsa garau, ya tambaya ko idon yana ciwo in an juya shi, ya nuna masa wani jan abu ido ɗaya bayan ɗaya, ya rufe taga ya kunna tocila, sannan ya rubuta takardar turawa a ranar, ba maganin ɗigawa ba.

Akwai kuma aikin da ya rage wa masu harshe. Tun 2025 dokar ƙasa ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, amma har yanzu kalmar jijiya ita kaɗai take ɗauke da hanyar jini, da igiyar nama, da wayar saƙo. In aka ce wa dattijo ɗiyarsa tana da ciwon jijiya, hankalinsa zai tafi ga ƙugu da gwiwa da man zafi. Uban yarinyar bai taɓa riƙe sunan da ke kan takarda ba. In an tambaye shi a kasuwa yakan ce wayar idonta ce ta ɗaye, kuma duk wanda ya ji ya gane. Watakila daga irin wannan bakin sunan zai fito, ba daga teburin kwamiti ba.

Gwaggo ta ba da shawara kada a riƙa yaɗa zancen, saboda masu zuwa neman aure ba sa son jin ciwon da aka ce yana iya dawowa. Ko zai dawo, ba wanda ya sani, tun da ba a yi gwajin ba. In na bayan zazzaɓi ne kawai, mai yiwuwa ya tafi ke nan har abada. In na Devic ne, yana nan yana jira. Likitan ya ba ta wasiƙa ta riƙa yawo da ita, wadda ke cewa duk asibitin da ta shiga da ciwon bayan ido, ko dushewar gani da ta wuce yini guda ba ta waye da sanyi ba, ko nauyin ƙafafu, a fara mata magani ba tare da jira ba. Ta sa wasiƙar a leda, tana cikin jakarta tare da katin ɗalibai na jami'a.

Ya kuma koya mata gwajin da za ta riƙa yi da kanta. A kan tagar ɗakinta akwai jan murfin wata kwalba. Kowace safiya bayan salla, kafin rana ta yi zafi, takan rufe idon hagu ta dube shi, ta rufe na dama ta dube shi, ta gwada jan yau da na jiya. In tana gida lokacin hutu, uwar takan tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu har ta gama.

"Ke, yaya jan?"

"Yana nan yadda yake, Inna."